Lisans ta intanet: kafin ka biya, ina za ka zauna?

Da zarar sakamakon bak ya fito, sai talla ta cika gurup-gurup na WhatsApp da shafukan Facebook. Wai yi lisans ta kwamfuta kana kwance a ɗakinka. Wai karɓi digirin Amurka ba biza ba jirgi. Wai haɗa da takardun Cisco da CompTIA, ka fara cin albashi da dalar Amurka. Yaron da ya ci bak a Tasawa ko Mayahi, kuma ya san babansa ba zai iya riƙe shi shekara uku a Yamai ba, dole wannan magana ta shiga kunnensa. Ni ban ga laifinsa ba. Hanyar tana nan da gaske, akwai waɗanda suka bi ta kuma suka fita. Sai dai masu talla rabin labari suke bayarwa, kuma rabin da suke ɓoyewa shi ya fi shafar mu.

Ga abin da nake gani. Karatun intanet yana buƙatar ɗaki: ɗaki mai wutar da ba ta ɗaukewa, mai rezo da ba ya yankewa, mai ƙofar da za a rufe ranar jarrabawa. Yaro ɗaya ba zai iya samar wa kansa wannan ɗaki a Korgom ko Kanan Bakashe ba. Gari ne ke samar da shi. Shi ya sa maganar ta wuce shawarar da yaya zai ba ƙanensa, ta zama abin da ya kamata mu nema a bainar jama'a.

Mu fara da takardun kansu, don da yawa suna cakuɗa su. Lisans daban, takardar ƙwarewa ta kamfani daban, kuma ba ƙofa ɗaya suke buɗewa ba.

Lisans ita ce shekara uku bayan bak a tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi. Ita ake tambaya in za ka shiga konkur na aikin gwamnati, ita ake dubawa in za ka tafi hidimar ƙasa, ita ce tsanin zuwa mastar. Ba ta tsufa, in ka samu ka samu har abada. Amma darajarta tana rataye da tambaya guda: wa ya yarda da makarantar da ta bayar da ita? A ƙasashenmu akwai hukumar CAMES, wadda aka aza harsashinta a nan Yamai a watan Janairun 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Tana tantance diplomomi, tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su. Takardar da ta zo daga waje kuma sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta auna ta da tamu kafin ta yi maka aiki a ofishin gwamnati. Duk makarantar intanet da ta kasa gaya maka a fili wace hukuma ce ta ba ta izini a ƙasarta, da kuma inda za ka je ka gani da idonka, to riƙe kuɗinka. Hoton wani Bature sanye da hular kammala karatu ba izini ba ne.

Kada a ɗauka tsoratarwa nake. A ƙarshen Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai zauna aji ko sau ɗaya ba. Ƴan kwanaki bayan haka, farkon Janairun 2024, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Ku lura da wanda abin ya fi ci: har da ɗaliban da suka yi karatu na gaskiya a can, iyayensu sun sayar da gona da dabbobi, rana ɗaya takardarsu ta zama abin zargi. In haka ta faru da makarantu masu gini da allo da mai gadi a ƙofa, ina ga wadda ba ta da komai sai lambar WhatsApp da inda za ka tura kuɗi?

Takardar ƙwarewa kuma wani abu ne daban. Kamfani ko ƙungiyar masu sana'a ke shirya jarrabawa, kowa a duniya ya zauna iri ɗaya, in ka ci a ba ka shaida cewa ka iya abu kaza. CompTIA A+ ta shafi gyara da kula da kwamfuta, kuma jarrabawa biyu ce sai ka ci duka. Network+ ta shafi haɗa na'urori su yi magana da juna, Security+ tsaron bayanai. CCNA ta kamfanin Cisco ita ce aka fi sani a harkar rezo. Huawei na da tata, HCIA, Amazon na da nata na AWS. Ba sa tambayar ka ko kana da bak. Wannan shi ne kyawunta: yaron da ya bar lakwal a aji na uku na kwaleji, ya tafi cin rani Kano ya koyi gyaran waya a Farm Centre, ƙofar a buɗe take gare shi kamar kowa. Amma tana da wa'adi. CCNA da waɗannan na CompTIA shekara uku suke yi, daga nan sai ka sabunta. Kuma duk yawan su, ba za su shigar da kai konkur da aka ce sai mai lisans ba.

A nan kuma akwai wata dabara da masu talla ke yi. Takardar da ake ba ka don ka kalli bidiyo ka gama darasi, shaidar halarta ce kawai. Tana da amfaninta, amma ba ita ce takardar da ake zaunawa jarrabawa a gaban mai sa ido ba. Na sha ganin matasa sun jera irin waɗannan goma a takardar neman aiki, an saka musu tambarin babban kamfani, suna ganin sun gama. Mai ɗaukar ma'aikaci da ya san aikinsa zai ajiye su gefe ya miƙa maka waya da na'ura ya ce haɗa mu gani.

Tunanin haɗa biyun wuri ɗaya daga Amurka ya yi ƙarfi. Akwai jami'ar Western Governors da aka kafa a 1997, duk karatunta ta intanet ne, kuma ta saka jarrabawar takardun ƙwarewa a cikin digirin kansa: ka ci ta CompTIA, an lissafa maka ka gama darasin. Ɗalibi ya fita da takarda ta jami'a da takardun kasuwa lokaci guda. Tsari ne mai kyau, sai dai galibi mazauna Amurka take ɗauka. Wadda ƴan Afirka suka fi shiga ita ce University of the People, da aka buɗe a 2009. Ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma kowane darasi akwai kuɗin jarrabawa, da dalar Amurka, kuma digirin kwamfuta da Ingilishi ake yin sa. Wato kalmar "kyauta" da kuke gani a talla tana da wutsiya.

To mu zo kan kuɗi, tunda nan ne magana ke tsayawa a gidajenmu. Jarrabawar CCNA dalar Amurka 300 ce, abin da ya haura jaka 160 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin da ya fara aiki a Janairun 2024, jaka 42 ne. Kenan kujera ɗaya ta awa biyu tana cin kusan albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci, in ma yana da albashin. Ka faɗi, kuɗin sun tafi, sai ka sake biya. A gidan manomi a Isawan wannan buhunan wake ne da riɗi, ko ragon layya da aka yi wata da watanni ana kiwo. Kuma biyan ma ba da hannu ake yi ba, sai da katin banki mai aiki a intanet. Nita da Amana sun sauƙaƙa mana tura kuɗi tsakanin garuruwa, amma shafin jarrabawa katin Visa ko Mastercard yake nema. Sai yaro ya nemi wani mai kati a Maradi, ya ba shi kuɗin da ladan wahala, ya yi ta addu'a kada a cuce shi.

Sai harshe. Mu lakwal ta Faransanci muka yi, amma jarrabawar CCNA da Ingilishi da Japananci kaɗai ake yin ta. Umarnin da ake rubuta wa na'ura, littattafan da suka fi kyau, amsoshin da ake samu in abu ya lalace da tsakar dare, kusan duk Ingilishi ne. Abin dariya shi ne mu da ke kwana muna tashi da Katsina da Daura, muna sauraren rediyonsu, muna kallon fina-finansu, mu ne ya kamata mu fi kowa a ƙasashen Faransanci saurin kama Ingilishi, amma a lise an mayar da shi darasin da ake neman makin tsira kawai. Duk wanda ke niyyar wannan hanya, wata shidansa na farko Ingilishi ya kamata ya ci, tun kafin ya biya kowa ko dala.

Duk waɗannan mutum zai iya dabara ya tsallake. Wanda ba ya tsallakuwa shi ne ranar jarrabawa. Kamfanin Pearson VUE ke gudanar da jarrabawar Cisco da CompTIA, kuma hanya biyu ce. Ko ka je cibiyar da suka amince da ita, waɗanda a manyan birane ake samu, wato ga ɗan Tasawa hanyar Yamai ce mai kusan kilomita 800, ko ta Kano, da kuɗin mota da masauki da abinci. Ko kuma ka yi daga gida, wani yana kallon ka ta kamarar kwamfuta daga farko har ƙarshe. Sharuɗɗan wannan ta biyu su ne: kwamfuta ta gaske mai kamara, waya ba ta yi, rezo mai ƙarfi da ba zai yanke ba, ɗaki shiru, kai kaɗai, tebur babu komai a kai, in wani ya shigo ko aka ji ana magana da kai, suna iya soke jarrabawar. Yanzu ɗan uwa, ka dubi gidanku. Wane ɗaki ne za a yi awa biyu ƙane bai leƙo ba, almajiri bai yi sallama ba, akuya ba ta yi kuka ba, inna ba ta aiko a karɓo mata gishiri ba? Wanda ya rubuta waɗannan sharuɗɗa bai taɓa zama gidan Bahaushe mai mutum ashirin ba.

Ga kuma wuta. Yankinmu na Maradi da Damagaram yana shan wutarsa ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa, nan kusa da mu. Kowa ya tuna farkon Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Wanda ya shiga makarantar intanet a wancan lokacin, watanni bakwai ya yi yana bin masu cajin waya da masu gurup. Ko ba takunkumi, in zafi ya kama daga Maris zuwa Mayu mun san yadda kuran ke wasan ɓuya da mu. Wannan a cikin gari kenan, inda turakun NIGELEC suka kai. A ƙasar nan kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma mafi yawan ƙauyukan Urafan ko Gidan Amumun ba sa cikin wannan ɗayan.

Saboda haka in aka ce wa yaro ai yanzu ilimi yana cikin aljihunka, duk wanda bai yi karatu ba shi ya so, raina masa hankali aka yi. An ɗora masa laifin abin da ba shi ya hana ba.

Akwai ƙasar da ta gane haka da wuri. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda tun 2023 ake kira da sunan marubucin nan Cheikh Hamidou Kane. Ba su ce wa ɗalibai kowa ya ji da kansa a gida ba. Sun buɗe cibiyoyi da suke kira ENO a garuruwa irin su Kolda, Ziguinchor, Kaolack da Saint-Louis: gini mai kwamfutoci da intanet da ma'aikata, ɗalibi ya zo ya yi karatu, ya haɗu da ƴan ajinsu, ya zauna jarrabawa. Tafiyar ba ta rasa tangarɗa ba, ɗalibansu sun sha kuka da jinkirin shekara da matsalar rezo. Duk da haka yau dubban ɗalibai ke karatu a cikinta. Maƙwabtanmu ma haka: jami'ar NOUN ta Najeriya, da aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har da Katsina da Kano, kuma a can ake zuwa jarrabawa. Kodebuwa ta buɗe tata a 2015. Duk inda karatun nesa ya kama ƙasa, za ka tarar akwai gini a bayansa.

Abin da ya kamata mu nema kenan, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗaki guda a garin Tasawa, guda a garin Mayahi. Ba sai an yi sabon gini ba: akwai lise, akwai gidan matasa, akwai ɗakunan meri da ke rufe rabin shekara. Faifan hasken rana da batura masu iya riƙe kwamfuta ashirin ko talatin, layin intanet mai ƙarfi da na ko-ta-kwana, ƙaramin ɗaki na gefe mai ƙofa don jarrabawa, da mutum biyu masu albashi da za su kula da wurin, su buɗe shi har dare. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci kuma shi ake fara mantawa. Mun sha ganin ɗakunan kwamfuta da wani shiri ya kawo, aka yanka kyalle, aka ɗauki hoto, bayan shekara guda ƙura ta rufe su don babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, makulli kuma yana aljihun wani da ya tafi taro. Game da rezo, tun Maris na 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance, don haka hujjar cewa waya ba ta iso ba ta rage ƙarfi.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da ke nan tun 2010, ita ta fi dacewa ta riƙe ragamar karatun. Tana da malamai, tana da sashen kimiyya da fasaha, takardarta kuma ta ƙasa ce, ba mai tambayar ka wa ya yarda da ita. Me zai hana ta shirya lisans ta kwamfuta da za a bi daga nesa, ɗalibi na Tasawa yana zuwa Maradi sau biyu ko uku a shekara kawai, kuma darussan rezo su bi manhajar Cisco yadda wanda ya gama zai iya zama CCNA kai tsaye? Shirin koyarwa na Cisco, wanda ya fara tun 1997, yana aiki da makarantu a faɗin duniya, yana ba da darussa da manhajar gwaji ta Packet Tracer kyauta, kuma ɗaliban da suka yi kyau a makarantun da ke cikinsa suna samun ragin kuɗin jarrabawa. Wannan ragi kaɗai ya isa dalilin da zai sa hukuma ta shiga tsakani, don yaro shi kaɗai a ɗakinsa ba ya samun sa.

Za a ce ina kuɗi. Tambaya ce mai kyau, mu ma muna da tamu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin Villages intelligents da hukumar ANSI ke jagoranta, domin kai sadarwa karkara. Kamfanonin waya suna zuba wani kaso na cinikinsu a asusun da aka ware don kai sadarwa inda ba ta kai ba, kuma wannan kuɗin daga forfe ɗin da ni da kai muke saye yake fitowa. Akwai FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Sassan Tasawa da Mayahi, a ƙidayar 2012 ma, sun haura mutum miliyan guda in aka haɗa su, yau kuwa sun fi haka nesa. Haƙƙinmu ne mu tambaya a rubuce: daga waɗannan kuɗaɗe nawa ne ya sauka a nan, a wane gari, kuma yana aiki ko ya mutu? Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantomomi ke riƙe da meri. Ba mu muka zaɓe su ba, amma kuɗin harajin kasuwanninmu ke hannunsu, don haka ƙofarsu da ta farfe za a fara ƙwanƙwasawa.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Wani zai ce: kuna maganar ɗakin kwamfuta alhali ƙannenku suna karatu a ajin zana? Gaskiya ne. Babu ɗan jihar nan da ya manta 8 ga Nuwamban 2021, ranar da gobara ta cinye azuzuwan zana a wata firamare a Maradi, yara fiye da 25 suka rasu. Allah ya jiƙan su. In da za a ce zaɓi ɗaya, aji na bulo ko kwamfuta, ni ajin zan zaɓa ba tare da na yi tunani ba. Amma ba haka lissafin yake ba. Ɗakuna biyu muke magana, a sassa biyu masu ɗaruruwan makarantu, kuma daga asusun da dama don sadarwa aka ware shi, ba za a taɓa gina aji da shi ba. Sannan wa zai koyar a azuzuwan bulon in an gina? Malamin kwantaragi da aka tura ƙauye da ƙaramar takarda, wanda ba shi da hanyar ƙaro ilimi sai ya bar ajinsa ya tafi birni, shi ne mutum na farko da zai amfana da wannan ɗaki.

Na biyu kuma ƴan mata. Jiharmu tana cikin inda aka fi aurar da yara mata da wuri a ƙasar nan. Kaɗan ɗin da suka jure har suka ci bak, da yawa a nan tafiyar ke tsayawa, don baba ba zai bar ɗiyarsa ta tafi Yamai ta zauna inda bai san kowa ba. Kana iya jin haushin wannan tunani, amma jin haushi bai taɓa kai yarinya jami'a ba. Ɗaki a cikin gari, wanda mahaifi zai iya zuwa ya gani da idonsa, mai lokutan da aka keɓe wa mata da rana, da mace cikin masu kula da shi, zai sa iyaye da yawa su ce to. Har matar aure mai goyo tana iya zuwa awa uku ta koma. Wannan ba zai yiwu a sibar ta bakin tasha da samari suka cika ba, kuma duk mun san dalili.

Saura tambayar da kowa ke yi a zuci: in an gama, aikin yana ina? Ba zan yi muku ƙarya ba, babu kamfanin da ke jiran injiniyoyi ɗari a Mayahi. Labarin zama a gida ana biyan ka da dala yana faruwa, amma ga waɗanda suka riga suka ƙware shekaru, masu Ingilishi a baki, masu hanyar karɓar kuɗi daga waje. Wanda ya sayar maka da wannan mafarki a matsayin abin wata shida, kuɗinka yake so. Abin da ke ƙasa ya fi wannan ƙanƙanta amma na gaske ne. Asibitoci da cibiyoyin lafiya suna aika alƙalumansu ta kwamfuta. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu tattara bayanai da waya a ƙauyuka, kuma suna neman wanda zai tsara bayanan. Kowace hukumar tura kuɗi tana da na'urori da ke lalacewa. Eriyoyin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms suna buƙatar masu kula. Masu sayar da WiFi a unguwanni suna ƙaruwa, kuma kusan duk da na'urar MikroTik suke raba shi, wadda saita ta sana'a ce mai kuɗi, ko da yake wanda zai shiga sayar wa jama'a intanet ya fara sanin ƙa'idar ARCEP. Yau in irin waɗannan suka lalace, sau da yawa sai an kira wani daga Maradi, a biya masa mota da kwana. Wannan kuɗin a garin ya kamata ya tsaya.

Shi ya sa ga wanda ba zai jira a buɗe ɗaki ba, shawarata kada ya fara da biyan makarantar shekara uku. Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi: Ingilishi, da darussan kyauta na Cisco, yana sauke su da dare lokacin da rezo ya fi sauƙi. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku yi adashe ku sayi kwamfuta ɗaya ta hannu da tsohuwar na'urar rezo, ku kwance ku ɗaura har hannu ya saba. Ya nemi wani mai shago ko ofishi ya yi masa aiki, ko ba biya, don a ga hannunsa. In ya yi wata shida bai gaji ba, to sana'ar tasa ce, sai ya tara kuɗin takarda guda ɗaya, wadda aikin da ke gabansa ke nema. Lisans kuma a yi ta a makarantar da aka tabbatar da izininta, ko da za ta ɗauki shekara huɗu ko biyar ana yi ana aiki.

Kuma don Allah a guji masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato, da masu cewa kawo kuɗi wani ya zauna maka. Cisco da CompTIA suna soke takardar wanda suka kama, suna iya hana shi sake zama. Ko ba a kama ka ba, ranar da rezon asibiti ya tsaya, likita yana tsaye a kanka, marasa lafiya suna layi, babu wanda zai tambaye ka makin da ka ci.